Yaron Turai da Filaskon Inna: Abin da Garkata Ta Koya Mini

A watan Mayun 2021 wata ƙawata da muka yi karatun jinya tare, wadda yanzu take aiki a Ingila, ta aiko mini da tsaraba ta hannun wani ɗan uwanta. A cikin ledar akwai agogon maƙalawa a gaban riga irin namu na ma'aikatan jinya, da kwalbar turare, sai wata 'yar ambulan mai hoton fure a jikinta. Furen ruwan ɗorawa ne, a baje kamar faifai, a kan dogon kara mai ganye sirara kamar na karas. Da na kira ta don godiya sai ta ce ai wannan shi ne furen da ya dace da mace irina, wadda aikin dare ba ya barinta ta kula da shuka. Ba ya son ruwa da yawa, ba ya son taki, kuma in an shuka shi sau ɗaya, kowace shekara zai dawo da kansa.

Duk matar da ke zaune a Jega, wadda ta san kuɗin da 'yan garuwa ke karɓa a watan Afrilu, ta san daɗin wannan magana. Na daɗe ina sha'awar in ga wani abu mai launi a bayan ɗakina, inda na kewaye 'yar garka da zana. Turawa suna kiran furen yarrow. Da yarana suka ji sunan sai suka fashe da dariya, wai Mama za ta shuka yaro. Daga ranar sunansa a gidanmu ya zama Yaron Turai.

Shekara uku na yi ina neman furen rawaya a garkar nan. Na yi asarar ruwa, na yi asarar kuɗi, kuma saura ƙiris in yi asarar da ta fi waɗannan. Shi ya sa na ga ya kamata in ba 'yan uwana mata labarin, musamman masu sha'awar ƙawata gida da shuke-shuke alhali akwai ƙananan yara a tsakar gidan.

Wane ne wannan Yaro?

Masana tsirrai suna kiran danginsa Achillea. Sunan ya samo asali daga wani jarumi na tatsuniyoyin Girkawa, wanda aka ce da ganyen yake tsayar da jinin raunukan mayaƙansa. Wanda ya fi yawa a dajin Turai fari ne ko ruwan hoda. Mai furen rawaya da ƙawata ta aiko mini, Achillea filipendulina, asalinsa daga tsaunukan Kokasas ne da Iran da Afganistan da tsakiyar Asiya. Yana kai mita ɗaya ko ya ɗan wuce. Masu lambu a Ingila sun fitar da ire-irensa da dama, har akwai wanda aka raɗa wa suna don tunawa da naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953.

Abin da ƙawata ta faɗa gaskiya ne, amma a can. Yana son rana ta awa shida ko fiye a wuni. Yana son ƙasa mai tsakuwa ko yashi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. In taki ya yi masa yawa sai karan ya yi tsawo ba ƙwari, ya kwanta. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ba a binne su, a saman ƙasa ake barbaɗawa a ɗan danna, domin sai sun ga haske suke tsirowa. Ana ba da tazarar kamar rabin mita tsakanin tushe da tushe. In fure ya bushe a yanke shi don wani ya fito, kuma bayan shekara uku ko huɗu a tone tushen a raba shi gida-gida a sake dasawa.

Abu guda ne ba a rubuta a jikin ambulan ɗin ba. A ƙasarsa akwai watannin sanyi mai tsanani da tsiron ke kwanciya a ƙarƙashin ƙasa ya huta, kuma ko a lokacin zafinsu dare yana yin sanyi. Mu kuwa a Kebbi, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, daren ma ba sauƙi. Ruwan shekara gaba ɗaya kuma a cikin wata huɗu yake zuba, mafi yawansa a Yuli da Agusta.

Shuka ta farko, shuka ta biyu

Da ruwan farko ya sauka a watan Yuni sai na yi abin da kowane Bahaushe zai yi, na shuka. Gidanmu yana ɓangaren garin da ke gangarawa wajen Gulbin Zamfara, ƙasarmu tana da laka. Cikin mako biyu tsirrai suka fito, ƙanana kamar gashin ɗan tsako. Na yi ta ɗaukar hoto ina tura wa ƙawata. Da Agusta ta shigo, aka yi ruwan kwana uku a jere, garkar ta riƙe ruwa. Bayan mako ɗaya na taɓa wani tsiro sai ya biyo hannuna, gindinsa ya yi baƙi ya ruɓe. Kafin ƙarshen watan ba ko ɗaya da ya rage.

Ina da kawu a Aliero, manomin albasa ne tun tasowarsa. Kowa ya san Aliero da abu biyu, albasa da ɗorin karaya. Da na je gaishe shi na ba shi labari, na nuna masa hoton da sauran irin da ya rage. Ya juya ambulan ɗin, ya zuba irin a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ɗiyata, mi ya kai ki shibka wanga abu ga damana? Wanga ɗan sanyi na, awa albasa. Albasa ba ta son kwana cikin ruwa. Bari sai ɗari ya shigo."

Ya bayyana mini yadda suke yi. Suna renon iri tun wajen ƙarshen damina a wurin da ruwa ba ya tsayawa, su yi dashe in sanyi ya fara, albasa ta yi girma a cikin hunturu, a cire ta a kai rudu. Duk shukar da ta fito daga ƙasar sanyi, in ji shi, wannan 'yar tagar ce kawai take da ita a wurinmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Haka karas, haka kabeji, haka latas.

Na bi shawararsa. A watan Nuwamba na samo tsofaffin bokitai huɗu na huda gindinsu, na zuba tsakuwa a ƙasa, na cika da yashi kashi biyu, ƙasar garka kashi ɗaya. Wannan karon Yaron Turai ya yi kyau. Ganyen ya bazu ya rufe bakin bokitai, in ka murza shi sai ka ji wani ƙamshi mai ɗan kama da na tazargade, kuma ba mamaki, domin danginsu ɗaya. Wata huɗu ina jiran kara ya fito. Daga baya na gane cewa wannan nau'in, in daga iri aka shuka shi, sau da yawa sai a shekara ta biyu yake fure. Shekara ta biyun ce ba mu kai ba. A watan Afrilun 2022 na mayar da bokitan ƙarƙashin darbejiya, ina ba su ruwa safe da yamma daga jarkar da na saya da kuɗina. Duk da haka ganyen ya ƙone daga gefe zuwa tsakiya. Ko fure ɗaya ban gani ba.

Ga wadda take son ta gwada, ba zan hana ta ba. Ta shuka a tukunya ko bokiti mai huji, a farkon hunturu, ta ɗauke shi a matsayin baƙon wata huɗu. Mai juna biyu kada ta sha shi da sunan magani, haka mai shan maganin tsinka jini, kuma wasu fatarsu tana yin ƙaiƙayi in sun taɓa ganyen. Amma wadda take neman abin da zai zauna mata shekara da shekaru, ta ci gaba da karatu.

Furen da ya hana ni barci

Haushin rashin furen ya sa a daminar 2022, ina dawowa daga Birnin Kebbi, na tsaya wurin wani mai sayar da fulawa a bakin hanya. Na ce masa ina son mai furen rawaya wanda ba ya mutuwa. Ya miƙo mini wani ɗan itace a baƙar leda, mai ganye sirara masu sheƙi. Na tambayi sunansa, ya ce fulawa ce. Ban ƙara tambaya ba, na biya na taho.

Ya kuwa cika alkawari. Bai damu da laka ba, bai damu da zafin Afrilu ba, awakin maƙwabta ma ba sa kusantarsa. Cikin shekara guda ya kai tsayina, ya cika da furanni masu siffar mazurari. Maƙwabta suna shigowa suna yabawa, har na yi wa biyu alkawarin iri. Na lura in an karya reshe farin ruwa kamar madara yana fita, na kuma lura yana yin 'ya'ya korra masu kusurwa, girman ƙaramin lemon tsami. Ban kawo komai a raina ba.

Wata ranar Asabar a 2023, na tashi daga barcin bayan aikin dare, na tarar da 'yata mai shekara huɗu da ƙawarta suna wasan girki a gindin itacen. Sun tara 'ya'yan a gwangwani, sun fasa wasu da dutse. Ɗaya yana da shaidar haƙori. Na tambaye ta ko ta ci, ta ce ta ɗanɗana ta tofar saboda ɗaci. Na ɗauki hoton itacen na tura wa wani abokin aikina mai harhaɗa magunguna. Ko minti biyu ba a yi ba ya kira ni, ya ce in kawo yaran yanzu-yanzu, in taho da reshe da 'ya'yan.

Sunan itacen a wurin masana Thevetia peruviana. Daga Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka aka kawo shi, ya bazu a ƙasashe masu zafi a matsayin itacen ado. Komai nasa dafi ne, ganye da fure da farin ruwan, amma ƙwallon cikin ɗan ya fi. Dafin irin sinadarin da ke cikin maganin zuciya na digoxin ne. Yana sa amai da jiri da ciwon ciki, sannan ya rikita bugun zuciya ko ya rage shi har ta tsaya. A ƙasar Siri Lanka yana cikin dafin da aka fi kai mutane asibiti saboda shi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yaro zai iya yin awoyi yana wasa lafiya lau kafin alamun su bayyana.

Daren nan a asibiti muka kwana, ni da maƙwabciyata. Na sha zama a gefen gadon 'ya'yan mutane ina ƙirga bugun zuciya, ina ce wa iyaye su kwantar da hankalinsu. Ranar na san abin da nake faɗa musu ba shi da sauƙi. Yatsuna suna kan wuyan hannunta har asuba. Allah Ya kiyaye, ba ta haɗiye komai ba, ƙawarta ma haka. Da muka dawo gida maigidana ya sa safar hannu ya sare itacen, ya tone saiwar, aka kai nesa da gida aka binne. Ba mu ƙona shi ba, kuma ba mu bari ya shiga cikin itacen girki ba, domin hayaƙin irin waɗannan itatuwa ma ba abin shaƙa ba ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, da hannuna na dasa dafi a inda 'ya'yana ke wasa, don kawai ban nace na san sunansa ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Tun daga lokacin nake ganin itacen nan a ƙofar gidaje da harabar makarantu da ofisoshi, inda a da nake wucewa ban kula ba.

Bayan ɗakin Inna

Bayan wannan na ce na haƙura da fure. Sai a ƙarshen daminar shekarar muka je suna Maiyama, na sauka gidan yayar mahaifiyata da muke kira Inna. Na zagaya bayan ɗakinta don in yi alwala, sai na ga wani ɗan tsiro a jikin katanga, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Ganyensa kore ne mai ɗan toka-toka, ya fitar da zangarniyar furanni ruwan ɗorawa, malam-buɗe-littafi suna ta kewaya shi. Na tsaya ina kallo har Inna ta leƙo.

Na ce, "Inna, wannan fa wa ya ba ki?"

Ta yi dariya ta ce, "Ke ɗiyar nan, hilasko na. Ba ki san hilasko ba? Tun Kabi ba ta zama jaha ba yake nan. Ni ban taɓa ba shi ruwa ba."

An ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991. Ko tushen farko ne, ko 'ya'yansa ne suke maye gurbinsa, shekara fiye da talatin ke nan filasko yana wannan lungu. Da rani ya bushe har ka ce ya mutu, ruwan farko na sauka ya tofo. Na san filasko tun ina yarinya, amma a ƙulle a leda wurin masu sayar da magani a kasuwar Jega, busasshen ganye. Ban taɓa tsayawa na kalli furensa ba.

Da na koma na bincika sai na ga duk abin da ƙawata ta yaba wa Yaron Turai, filasko yana da shi. Masana suna kiransa Senna italica. Tsiron Sahel ne, ana samunsa daga Senegal har Sudan, ya tsallaka ƙasar Larabawa zuwa Indiya. Yana son rana, yana son jigawa, ba ya son ruwa ya kwanta masa, ba ya neman taki, yana da saiwa mai zurfi da ke riƙe shi har damina ta zagayo. Furensa rawaya ne, kuma shi ma tsiron magani ne. Bambancinsu ɗaya, filasko ya san watan Afrilunmu.

Yadda na shuka shi

Inna ta tsinko mini busassun kwansuna ta ƙulle a gefen zanena. Ga abin da na yi, da abin da na koya a damina biyu.

Da farko wuri. Na zaɓi inda rana ta fi daɗewa a garkar. Saboda ƙasarmu mai laka ce, na yi tudu mai tsayin kamar taƙi ɗaya, na cakuɗa yashi mai yawa, na fitar da 'yar hanyar ruwa zuwa rariya. Darasin Kawu ke nan, kuma shi ne ya fi kowane muhimmanci. Wadda gidanta ke kan jigawa, kamar yawancin gidajen Aliero da Maiyama da na sani, ba ta buƙatar wannan wahala.

Sai iri. Ƙwayar filasko tana da tauri, in an shuka ta haka nan tana iya daɗewa ba ta tsiro ba. Ana ɗan goga gefenta a jikin dutse ko siminti har fatar ta kankaru kaɗan, ko a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana a ciki. Wadda ta kumbura ta shirya. Na shuka bayan ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni, ƙwaya uku a rami, zurfin gaɓar yatsa, tazarar rabin mita. Da suka fito na cire raunana na bar ɗaya. A inda ake son ya zauna ake shuka shi, domin doguwar saiwarsa ba ta son a tone ta a canza mata wuri.

Ban sa takin zamani ba. Ɗan busasshen kashin awaki na barbaɗa sau ɗaya. Ciyawa ce abokiyar gabarsa a watan farko, sai an riƙa cire ta da hannu. Cikin wata na uku ya fara fure. In na yanke zangarniyar da ta gama, sai sababbin rassa su fito su ƙara wani furen, kamar dai yadda ake yi wa Yaron Turai. Nakan bar zangarniya biyu ko uku su yi kwanso saboda iri.

Za ki ga korayen tsutsotsi suna cin ganyen. Kada ki yi saurin ɗauko maganin feshi, 'ya'yan malam-buɗe-littafin nan ne farare da rawaya da ke son dangin filasko da tafasa. In sun yi yawa ki tsince da hannu. Da rani kuma, in ya bushe, ki datse shi ki bar kamar taƙi ɗaya, ki kafa ɗan tsinke a wurin don kada mai shara ya tuge shi. Ni nakan ba shi ruwan wankin shinkafa ko na alwala sau ɗaya a mako, shi ya sa nawa yake riƙe ɗan kore har cikin hunturu.

Filasko shi kaɗai ba ya cika garka. A jikin zana na kafa sandunan lalle, wanda ake dasawa daga reshe da damina, ga ƙamshin furensa da yamma. A kusurwa akwai zogale biyu. Kuɓewa da rama, in aka lura, su ma furensu rawaya ne mai kyau, ga miya. Mai babban fili tana iya dasa marga, wadda mu nan muke ce wa malga. Ita ce itaciyar nan da ke zubo da dogayen zangarnun fure ruwan ɗorawa a tsakiyar rani, lokacin da komai ya bushe. Sai dai a nisanta ta da gini da rijiya.

Magani a garka, hankali a gida

Kada a ce na cire dafi na dasa wani abin ban yi bayani ba. Filasko maganin wankin ciki ne, kuma yana da ƙarfi. Ɗan uwansa na kusa shi ne sanamaki da ake sayarwa a shagunan maganin Musulunci, wanda daga shi ake yin ƙwayar senna ta asibiti, kuma tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana motsa hanji ne, aikinsa yana fitowa bayan awa shida zuwa goma sha biyu. Bambancin ƙwayar asibiti da tafasasshen ganye shi ne ita an auna ta, shi kuwa dintsin hannun wata ya ninka na wata.

Na sha karɓar tsofaffi da yara da aka ba maganin wankin ciki har ruwan jikinsu ya ƙare, sai da ƙarin ruwa. Don haka kada a ba ƙaramin yaro. Mai juna biyu da mai shayarwa su tambayi likita tukuna. Wanda cikinsa ke ciwo ba a san dalili ba, ko ya kumbura ba ya fitar da iska, asibiti za a kai shi, domin in hanji ne ya toshe ko ya ƙulle, filasko ƙara ta'azzara abin zai yi. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya nisance shi. Babba mai lafiya ma kada ya mayar da shi abin sha kullum, fiye da mako ɗaya yana jawo matsala.

Sannan a san 'yan uwansa, domin furensu duk kama ɗaya. Tafasa, wadda muke kwaɗo da miya da ita, ganyenta uku-uku ne a kowane gefe, kwansonta dogo siriri kamar lauje. Filasko kwansonsa gajere ne, faffaɗa, a lanƙwashe kamar ƙoda, da ɗan tudu a tsakiya. Rai-ɗore kuwa, wanda wasu ke kira sanga-sanga, ganyensa mai tsini ne, in an murza yana wari. Shi ne abin tsoro. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya an yi shekaru yara suna mutuwa bayan damina da ciwon da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, sai a shekarun 2000 likitoci suka danganta abin da cin ɗanyun 'ya'yan wannan tsiro. Yana fitowa da kansa a juji da bayan gidajenmu. In ya tsiro inda yara ke wasa, a tuge shi. Haka bini-da-zugu da ake shinge da shi, 'ya'yansa suna da daɗi kamar gyaɗa a bakin yaro, kuma suna sa amai da gudawa mai tsanani.

In har yaro ya ci wani abu daga shuka, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a jira a ga alama. A cire abin da ke bakinsa, a wanke masa baki da hannu, a ɗauki reshe da ganye da ɗan itacen, a nufi asibiti. Abin da kuka riƙo zai taimaki ma'aikata fiye da dogon bayani.

Kafin kuma a dasa komai, a san sunansa. In mai sayarwa ya ce fulawa ce kawai, a bar masa abinsa. A tambayi tsofaffi, su ne suka san na gida. A tambayi malaman gona. Mu nan muna da Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero tun 2006, kuma akwai masana tsirrai a cikinta. Da na yi ɗaya daga cikin waɗannan, da ban kwana ina ƙirga bugun zuciyar 'yata ba.

Bana filaskona ya shiga damina ta biyu. Tushe bakwai ne, sun tofo da kansu kwana kaɗan bayan ruwan farko, ban sayi ko jarka ɗaya dominsu ba. Na tura wa ƙawata hoto, ta ce in aiko mata da iri. Na ce mata ta bari, sanyin Ingila zai yi masa abin da zafin Jega ya yi wa nata. 'Yata kuma, wadda yanzu ta shiga firamare, ta san sunan kowace shuka da ke garkar, ta san wadda ake ci da wadda ake kallo kawai. Ranar da Inna ta zo duba mu, ita ta kama hannunta ta kai ta bayan ɗaki ta nuna mata. Inna ta duƙa ta taɓa ganyen, ta ce tudun ya yi, amma in rage ba shi ruwa.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke shukawa.